Rufin Motar Kawu Altine

Duk wanda ya san Kawu Altine Makanike a Tambuwal ya san shi da zare a haɓa. Hula mai kyau zai saya, ya huda ta gefe biyu, ya zura zaren buhu ya ɗaure a ƙarƙashin gemu, wai kada iska ta ɗauke masa ita in yana tuƙi. Wace iska, jama'a? Mutumin da mai keke ke wuce shi a hanya har ya waiwayo ya yi masa sannu!

Motar kuwa kun san ta: 'yar jar nan mai kujera biyu, marar rufi, wadda wani Bature mai haƙar rijiyoyin burtsatse ya bar masa tun muna yara. Yanzu hotonta na yawo a wayoyin masu tara tsofaffin motoci na Abuja da Legas. Ni ɗan ƙanwarsa, Nasiru, ni na ɗauka tun shekarun baya, yanzu na tura, don magada sun ce a sayar a yi rabo. Tun ranar ban sami sukuni ba, saboda akwai abin da na yi wa motar nan da ban gyara ba har mai ita ya bar duniya.

Shi kansa Kawu bai bar ta yadda Bature ya ba shi ba. Ya ɗaga mata ƙafafu saboda hanyar Kebbe, ya cusa mata injin akori-kura, ya lulluɓe kujerun da jar fatar akuya, sannan ya ɗaura mata hon na gingimari. Rufinta na tamfol da ake naɗewa kuwa, ɓeraye suka cinye shi, ya ce sun rage masa aiki. Na taɓa ce masa, "Kawu, motag ga an ce gudu gare ta, ɗan taka ta mana." Ya harare ni ya ce, "In nit taka ta, wa za shi gaida min mutane?" Haka yake tafiya, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a sama, yana tambayar na gona ya aiki, na bakin rijiya ya gida. In mai babbar mota ya wuce sai ya yi tsaki: "Duba shi, ya shige akwati ya ja gilashi, ko uwa tai ba shi gani!"

Wata shekara gab da layya ya ɗauke ni muka je Jabo sayen rago. Da aka gama ciniki, ina kakkaɓe riga zan shiga, sai na tarar ragon na zaune a kujerata, an ɗaure shi da bel.

"Kawu, ni fa?"

"Kai ka iya hawan kabu-kabu," in ji shi. "Shi ya iya?"

A bayan babur na dawo, ina malamin makaranta, ɗalibaina na kallo. Kuma na riga su isowa da kusan awa guda.

Matarsa Inna Kulu sau ɗaya ta yarda ta shiga, za su suna Fakku da damina. Sun wuce Kebbe kenan hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Ta ce, "Malam, ruwa!" Ya ce, "Na gani. Wata guda muna roƙon shi ga masallaci, yanzu ya zo ki ce mu ɓoye mai?" Suka isa gidan suna tamkar an tsamo su daga gulbi, turaren da ta sa duk ya bi ruwa. A motar haya ta komo, kuma har yau in an tuna mata sai ta yi salati.

Tun yana da rai wani Alhaji ya zo daga Abuja, irin masu tara motocin nan, ya zagaya ta yana ta mamaki. Ya ce irinta ba su da yawa a duniya, Kawu ya faɗi duk abin da yake so. Kawu ya ce, "In ka saye ta, ina za ka da ita?" Alhaji ya ce ba hawa zai yi ba, ɗaki ne da shi mai sanyi, ajiye ta zai yi a riƙa kallo. Kawu ya dafa mota ya ce, "Mi tay yi maka da za ka ɗaure ta?" Ya sa aka kawo wa baƙo fura, ya raka shi har bakin titi.

To, ga inda dariyata take tsayawa. Bara waccan aka yi wa Kawu aikin ido a Sakkwato, likita ya ce ya kiyayi rana da ƙura. Ni da nake ganin kaina mai ilimi na tara 'yan'uwa na ce ga dama ta samu. Yana kwance asibiti muka tura motar wurin mai walda, aka yanko rufin wata matacciyar tasi aka liƙa mata, aka sa gilashi, aka fesa jan fenti. Wallahi da zuciya ɗaya muka yi. A wurinmu mota marar rufi mota ce da ba a ƙarasa ba, har muna murna Kawu zai shiga sahun mutane.

Ranar da ya dawo muka yaye zanin da muka lulluɓe ta da shi, muna jiran ya yi faɗa mu yi dariya. Bai yi ba. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya shiga ya zauna, ya fito, ya ce, "Akwai duhu ciki." Sannan ya dube mu ya ce, "Sannunku da ƙoƙari. Allah shi yi albarka." Daga ranar bai sake tayar da ita ba. Da na ga haka na ce masa zan sa a cire. Ya ce, "Bari, Nasiru, kun kashe kuɗinku, kada su tahi banza." Ni kuma na fake da wannan maganar. Na ce sai an yi hutu, hutu ya zo na ce sai bayan salla. Ana haka ya kwanta ciwon kwana uku, shi ke nan.

Makon jiya mai saye na farko ya iso. Yana ganin rufin ya riƙe baki ya ce, "Wa ya yi mata wannan aika-aikar?" Na ce ni ne. Inna Kulu na zaune a ƙofar ɗaki, bayan ya tafi ta kira ni ta ce, "Sau nawa nika ce mai shi kira mai walda da kai nai? Sai shi ce a'a, Nasiru za shi ji kunya, don so yay yi." Na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari na kira mai waldar nan. Ya fara bayan azahar, kafin a kira la'asar rufin na ƙasa. Ɗan aikin da na kasa yi wa Kawu shekara guda da rabi kenan. Na shiga na zauna a kujerarsa, sama a buɗe, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Kawu, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabarinka, ya cika shi da haske. Amin.