Kallabin da Inna Ta Ɗaura wa Mawaƙiya

Ƙaurin gashin doki, idan aka ƙona bakinsa da kyandir, ba ya barin hancin wadda ta tashi a ɗakin mai kitso. Jiya na shaƙe shi a ƙofar wani shago a Bronx, na tsaya cak. Ba Inna na fara tunawa ba. Matar da ke sayar mana da gashin na tuna.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce. Ita ta ɗauko ni daga Maraɗi ina yarinya, ta kawo ni unguwar Morris Heights a nan Bronx, inda falonmu shi ne wurin aikinta. Ba a sa ni makaranta ba, sai da na haihu na kai kaina. Kada ka tausaya mini, ba abin da ya sa na faɗa ba ke nan. Turancina a bakin masu zuwa kitso na tsince shi, shi ya sa na zama bakin Inna duk inda za ta.

Shagon gashin yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Duk sanda jirgi ya wuce, kawunan robar da ke sanye da hulunan gashi sai su hau rawa a kan katako. Mai shagon 'yar Koriya ce, mu dai Madam muke ce mata. Ba ta da fara'a, ba ta ragi, kuma ba ta taɓa ba mu jabu ba. A bangon bayanta akwai hoton wata budurwa riƙe da makirufo, gashinta har gadon baya. Na daɗe ina zaton tallar gashi ce.

Lokacin ƙanƙara, da ciniki ya mutu, muna tsaye muna jin ɗumin hita, Madam ta ce ita ce a hoton. Labarin bai zo gaba ɗaya ba, gutsure shi ta riƙa yi. Ta fara waƙa a rediyo tana budurwa. Faifanta ya karɓu har direbobin bas suna rera waƙoƙinta. Daga nan aka sa ta a fim, ta ce kusan duk finafinan kuka take yi a tashar jirgi, wani namiji yana tafiya. Sai hukuma ta hana waƙarta mafi farin jini, wai tana kashe wa jama'a jiki. Aka daina kiranta, ta yi aure, mijin ya kawo ta nan ya rasu ya bar mata shago.

Da na gama fassarawa, Inna ta ce, "Ashe zabiya ce." Ta ɗauki ledarta muka fita. A wurin Inna waƙa roƙo ce, ko da a talabijin aka yi ta.

Wata bazara shagon ya koma hannun wata 'yar'uwar Madam. Madam ba ta dawo ba sai da ganye ya fara ja, ta rame, da hular gashi a kanta. Ran nan ta hau benenmu da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta jira wadda aka yi wa kitso a ƙarshe ta fita, ta tuɓe hular. Babu ko sili ɗaya. Maganin asibiti ya share kan tas.

Ƙungiyar dattawansu ta gayyace ta waƙa a bikin girbinsu a unguwar Flushing, karo na farko tun da ta bar gida. Ba wanda ya san tana ciwo, kuma ba ta so a sani. Ta ce ba za ta tsaya a gaban mutanen da suka san wancan hoton su tafa mata don tausayi ba. Hular gashi kuwa ba ta da amfani, rabin masu zuwa sana'arsu ke nan, daga kujerar baya za su gane. Ta ga yadda matanmu ke ɗaurin kallabi, shi take so, a ɗauka ado ne.

Inna ta shafa kan da tafin hannu, ta juya yadin silikin da Madam ta zo da shi. "Ce mata wannan santsi gare shi. Amma zan ɗaura."

Ran bikin, Inna ta ɗaura shi a wani ɗan ɗaki bayan dandali. Ta sa ta girgiza kai, ta juya, ta taka. Kallabi bai motsa ba. Abu ɗaya ba mu gwada ba, don bai zo mana a rai ba. Macen garinmu idan za ta gaida manya durƙusawa take yi, kanta a sama. Ɗaurinmu na kan da ke tsaye ne.

Ɗakin taron ya cika da tsofaffi, ƙamshin tafarnuwa da gasasshen riɗi ko'ina. Mu biyu ne kawai baƙaƙe. Madam ta yi waƙar farko, muryar ta dushe kaɗan amma tana nan. Wata tsohuwa kusa da ni tana bin baitin da leɓe. Da aka tafa, sai Madam ta sunkuya irin tasu, ta ninke biyu, goshi ya nufi gwiwa. Da ta ɗago, ƙullin ya bar ƙeya.

Ta ji shi. Ta shiga waƙa ta biyu wuya a sanƙare, murya na rawa, hannu yana son tashi tana hana shi. Gumi yana aikinsa, siliki yana tafiya.

"Kallabin nan ba zai kai ƙarshen waƙa ba," in ji Inna. "Tashi. Buɗe mayafinki."

Ta zaro dala ɗaya daga jaka, ta rangaɗa guɗa wadda ta sa mai piyano waiwayowa, ta nufi dandali tana takawa. Wani mai kwat ya tare mu. Na ce masa al'adarmu ce, in mawaƙiya ta burge, a goshi ake manna mata kuɗi. Kafin ya gama tunani mun hau. Na ware mayafina na shiga tsakaninta da jama'a ina rausaya, ni da ban iya rawa ba. Hannun hagun Inna ya danna takardar a goshi, na dama ya zagaya ƙeya, ya ja, ya murɗa, ya cusa. Madam ba ta yanke baiti ba.

"Ce mata kada ta kuskura ta ƙara sunkuyawa."

Na faɗa mata ina juyi. Muka sauka. Wasu suka yi dariya, wasu suka tsuke fuska, ni ko a jikina.

Ta ƙarasa waƙoƙinta, muryar ta buɗe. Da aka miƙe ana tafi, na ga jikinta yana neman ninkewa da kansa. Sai ta kama gefen doguwar rigarta, ta durƙusa har ƙasa, kai a tsaye, daidai yadda ta ga Inna na gaida limaminmu a bakin titi. Ban san yadda mutanenta suka fassara wannan ba. Na dai san ba wanda ya ga kanta.

A jirgi muna komawa na tambayi Inna ko waƙar ta yi mata. Ta ce, "Muryar ba laifi." Can ta ƙara, "Da ma na sa mata ƙyallen auduga a ƙarƙashin silikin."

Madam ba ta ƙara hawa dandali ba. Dalar nan ta manna ta a gefen hoton, kuma har ta bar shagon ba ta taɓa rage wa Inna ko sisi ba. Mun ji ta koma ƙasarsu, daga baya muka ji ta rasu.

Yanzu shagon na gyaran waya ne. 'Ya'yan ƙanwata suna kwana suna tashi da mawaƙan Koriya a waya, gashi kala-kala, suna bin waƙar da ba su san ma'anarta ba. Idan na ce na taɓa hawa dandali da ɗaya daga cikinsu, dariya suke yi su amsa mini da Turanci. Ba na musu. Ina zama in kalla tare da su, kuma duk sanda wata ta gama waƙa ta sunkuya, sai in ga hannuna na dama ya tashi daga cinya.