Maganin da Aka Ɗiga a Bayan Idon Goggo

Da safiyar Litinin Goggo ta buɗe akwatin ɗumi, ta ɗaga kwalba zuwa haske. Ruwan da ta bari ja garau ya koma rawaya, ya yi dususu. Ta ɗaga ta biyu, ta uku. Duk sha ɗayan haka suke.

Shekara ashirin da shida tana renon ƙwayoyin halitta a ɗakin gwajin nan. Da wankin kwalabe ta fara, bokonta bai yi nisa ba, amma ko manyan likitoci sai sun cire agogo kafin su tsallaka ƙofarta. Ba a magana kusa da buɗaɗɗiyar kwalba. Ba a kuma zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan da ake ciyar da su. A cewarta, ƙazantar tana nan, kai ne dai za ka daina ganinta.

Ƙwayoyin da ke kwalaben nan kuwa na wani ciwon daji ne da ba a cika samu ba, kuma matar da aka ɗebo daga jikinta ta rasu tuni.

Ta ƙwala wa sabuwar ma'aikaciya kira, wadda ta laƙaba wa Digiri.

"Digiri! Me kika yi musu?"

"Wallahi, Goggo..."

"Ajiye rantsuwar. Wata biyu ina jinyar maigida, ke kaɗai ke ciyar da su."

Yarinyar ta fashe da kuka. Ashe tun makon farko hannun rigarta ya goga bakin kwalba, tsoro ya hana ta faɗa, ta riƙa ɗiga magani a ɓoye. Da Goggo ta dawo ran Juma'a ta canja musu ruwa marar magani, ƙazantar da ke kwance ta tashi.

Goggo ta zauna.

"Na ajiya da ke tankin sanyi fa?"

"Waɗanda na daskarar, daga cikin nan na ɗiba. Naki na da, ɗaya ya rage."

"Ɗaya! 'Yar nan, kin kashe ni. Da kin buɗe baki, kwalba guda za mu zubar."

Da hannunta ta narkar da ɗayan, ta zuba masa ruwa marar magani, Digiri na raɓe a bakin ƙofa. Sai an kwana biyar za a san ko ya rayu da tsabta. Yau kwana biyu.