Sista Zipora, Wadda Ta Hana Yayata Waƙa

Kafin masu citta su baje buhunansu a kasuwa, Sista Zipora ta riga ta buɗe ɗakin haƙori na asibitinmu a Kafanchan, ta dafa kayan aiki, tana yi wa mutumin farko faɗa don ya zauna a gida har kunci ya kumbura. Faɗanta ba ya zafi. Watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa ba zan bari ta tafi shiru ba.

Yayata Hulda ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta Fadan Kagoma. Haɗarin babur ya zubar mata da haƙoran gaba, ƙashin muƙamuƙi ya zaizaye. A Jos likita ya yi mata ƙarin ƙashi, ya ɗinke dasashi a kai, ya ce sai ya kama za a dasa haƙora. Da ta dawo, matan zumunta suka zo dubiya. Kun san matanmu, ba sa gaida marar lafiya sai da waƙa. Suka ɗauko, ita ma ta kasa haƙuri, ta amsa da dukan bakinta. Ɗinki ya buɗe, wurin ya fara ruwa.

Sista ta wanke, ta kira likitan a waya, ta ba da maganin da ya ce. Ya gargaɗe su cewa in ya sake buɗewa, sai dai a cire ƙashin.

"Maman Eli, bakin nan ya tafi hutu," Sista ta ce wa Hulda.

"To ran Lahadi fa? Wa zai ba da waƙa?"

"Allah yana jin na zuciya."

Ta san Hulda ba za ta ji ba. Sai ta bar cocinta, kowace Lahadi ta hau acaɓa zuwa namu, ta zauna kusa da ita. Da an buga ganga, leɓen Hulda ya motsa, sai ta matse mata hannu, ta rera a madadinta.

Sista, gaskiya ɗaya ce, Allah bai ba ki murya ba, duk coci shaida ne. Amma ke ce kika sha dariyarmu don kada yayata ta ƙare rayuwarta tana rufe baki da gyale. Na yi hawaye a kujerar baya, ban ji kunya ba.

Mun gode, uwar masu jinya. Nas-nas masu tasowa, ku koyi bin marar lafiya har inda zai yi kuskure.

Ƙashi ya kama, an dasa haƙora. Ranar sallamarki, Sista, ki zauna ki huta. Hulda ce za ta ba da waƙa.