Kifin Takarda da Zanen Kaka

Duk ranar da mai wankin layinmu ya dama sitaci, ƙamshin dafaffen rogo ya shigo ta taga, sai in ajiye abin da nake yi. Ku yi mini uzuri, Inugu yake mayar da ni, gidan hayarmu na unguwar Uwani, lokacin da aka gama yaƙin basasa mutanenmu suka fara komawa kudu da ɗaiɗai.

Mu huɗu muka koma: ni, Baba, Inna, da Kaka mahaifiyar Baba. Kakana namiji ba ya cikinmu. Ranar gudu daga Inugu, gab da yaƙin, ya ce su yi gaba zuwa tashar jirgi, zai rufe shago ya biyo su, kuma bai biyo ba. Kaka ta dawo ne kawai don Baba kaɗai ya rage mata, amma tun da ta shiga gidan nan ba ta ƙara taka bakin ƙofa ba. Shekara uku, ba kasuwa, ba suna, ba gaisuwar mutuwa. Baki kam tana da shi, har mai gidan hayar shakkarta yake yi, amma da an buɗe ƙyauren waje sai ta juya masa baya. Baba ya gaji, ya ce da damina ta kankama zai mayar da ita Kano wurin dangi. Da kunnena na ji. A ɗakinta nake kwana, ita ke yi mini kitso tana zagin gashina, kuma ban san yadda zan yi babu ita ba.

A shekarun nan arzikin fetur ya jawo malamai daga ko'ina. Wani malamin lissafi da matarsa suka kama ɗakunan bayan gidanmu. 'Yan Indiya muke ce musu, matar ta yi ta gyara mana har ta haƙura: Bangaladash ne ƙasarsu. Musulmi ne, kuma ban taɓa ganin masu son kifi irinsu ba.

Ana cikin zafin nan na farkon ruwa, sai Matar Malam ta baje gora da tsofaffin jaridu a tsakar gida. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce sabuwar shekararsu ta kusa, a garinsu akan yi manyan kifaye da tsuntsaye na takarda a zaga da su, kuma 'yan ƙasarsu da ke Inugu sun ɗora mata aikin kifin. Ta ɗaure gorar da kyau, amma gam ɗin kanti ya ƙi riƙe takardar. Kwana biyu Kaka na kallo daga kan tabarma tana tsaki.

"Ke Matar Malam," ta ce a na uku, "wannan ruwan naki ko tsinke ba zai riƙe ba. Miƙo tukunya."

Ta dama sitacin rogo mai kauri, takarda ta kama kamar da ita aka halicci gorar. Daga nan matan gida duk suka shigo. Inna ta yi ƙunƙuni ko abin ya halatta, Kaka ta ce kifi ne, ba wanda ya ce ta yi masa sujada. Aka shafa shuni a baya, ruwan zoɓo a baki, gangamau daga kicin ɗin Matar Malam a ciki. Kifin ya fi Baba tsawo. Ranar na ji Kaka ta yi dariya har da tari.

Ana gobe biki aka shanya shi a rana, kowa ya shiga cin abinci. Kaka da ta tsufa tana kiwo, ita ce ta manta abin da ke tsakanin akuya da rogo. Kafin mu fito akuyarta ta cinye gefe guda kaf, sai haƙarƙarin gora a waje. Matar Malam ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Sabuwar takarda ba za ta bushe kafin safe ba.

Kunya ta gama rufe Kaka. Ta shiga ɗaki, na ji ƙarar akwati, ta fito da zanenta na saƙi, baƙi mai ratsin fari. Kakana ne ya saya mata, shi ne a jikinta ranar gudu, kuma ko taɓa shi ba a bari in yi. Ta zauna da allura ta ɗinke shi a kan gorar har la'asar sakaliya.

Da safe aka ɗora kifin a amalanken da aka aro daga Kasuwar Artisan. 'Yan Bangaladash suka zo cikin fari da ja, da 'yar gangarsu. Kaka ta bi amalanken har bakin ƙofa tana faɗa, nan ta ja ta tsaya. Ana fita, gefen zanen ya zame ya fara jan ƙasa kusa da taya.

"Ku tsaya, shashashai! Za ku yaga mini zane!"

Ta fita ta ɗage shi. Masu turi ba su ji ta ba saboda ganga, amalanke ya ci gaba, ita kuma ta ƙi saki. Na ruga na kama ɗaya hannunta, sanyi ƙalau. Yaran Ibo suka biyo mu suna tsalle. A kwanar titi wata mai ƙosai ta miƙe ta ƙura wa Kaka ido, sai ta yar da cokali.

"Mama! Na you? You dey alive?" ta ce da Turancin buroka, wato ashe Kaka na raye.

Maƙwabciyarsu ce ta kafin yaƙi. Ta rungume Kaka tana kuka, Kaka na cewa, "Sake ni, za ki shafa mini mai," hawaye na zubo mata ita ma. Daga baya muka ji matar 'ya'ya biyu ta rasa a yaƙin.

Da muka dawo Baba na tsaye a ƙofa. Ya dubi jar ƙasar da ke ƙafar Kaka, ya matsa ya ba ta hanya. Ba a ƙara maganar Kano ba.

Yau gidan ya zama shaguna, su Malam sun koma ƙasarsu tun ina budurwa. Jikokina kan nuna mini bikin a waya, kifaye da damisa manya-manya, an ce ƙwararru ke yin su. Suna da kyau, ban musa ba. Zanen yana akwatina, da hudojin allura da tabon gangamau. Kwanan baya 'yata ta ce a kai shi wanki. Na karɓe abina na mayar, na rufe akwatin.