Akuyar da Baba Yohanna Ya Kwance

A damunar shekarar da aka daina fam aka koma naira, wata safiya na ɗaure akuyata a gindin ɗorawa a bakin rafin ƙauyenmu, kusa da Fadan Kaje, na tafi taya Mama cire ciyawa a gonar citta. Kakata ce ta ba ni akuyar, ja ce mai farin goshi, kuma tana da ciki. Ni nake yanko mata ganye kafin in ɗebo ruwa, ko wasa muke da yara na ji kukanta sai in bar wasan. Da na dawo da yamma, igiya kawai na tarar. Ba tsinkewa ta yi ba, kwance ta aka yi.

Maƙwabcinmu Baba Yohanna ne ya tafi da ita, wai ta ci masa acca. A wurinmu, in dabba ta yi ɓarna, tsare ta ake yi har mai ita ya zo a duba gonar. Shi kuwa bai kira kowa ba, ya kai ta kasuwar Zonkwa ya sayar. Babana ya riga ya rasu, sai Mama ta kai ƙara wurin dagaci. Dattawa suka je gonar, ba su ga ko sawun akuya ba, suka ce sai ya biya mu. Bayan girbi ya jawo wani tsohon bunsuru mai ƙazwa ya ɗaure mana a ƙofa. Mama ta ce, "Baba, cikin da take ɗauke da shi fa?" Ya ce, "Abin da ba a haifa ba, ba a shari'arsa." Dattawa suka ce a yi haƙuri, dabba dabba ce. Bunsurun bai kai Kirsimeti ba.

Yanzu na tsufa. Maigidana ya rasu bara, har yau ban daina kuka ba. Ƙaninsa ya zo da mota ya ɗauke injin niƙan da na saya da cittata, wai kayan gidansu ne. Na kai ƙara kotu a Kafanchan. In hau mashin in je, in zauna a benci, a yi ta Turanci a kaina, a ɗaga shari'ar. Takardar sayen injin suke tambaya, ni da ban taɓa shiga aji ba; wannan ma jikata ce take rubutawa. Injin yana can yana yi wa wani niƙa. A da, ko za a cuce mu, ana takawa a je a duba. Yau ba wanda ya leƙo gurbin da injin ya bari a tsakar gidana. Ni dai so nake wani ya zo ya gani.