Inna Baraka da Itatuwan Jego

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Hajiya Baraka Maliki, wadda duk Illela ta sani da Inna Baraka, a shekarar 1948 a Garu, a gidan Malam Maliki manomi da maiɗakinsa Hadijatu, ungozomar ƙauyen. Ta yi karatun allo a hannun mahaifinta har ta sauke, kuma tun tana 'yar shekara goma take bin mahaifiyarta gidajen haihuwa, inda ta koyi yankan cibi da haɗa ruwan jego.

Aure da sana'a

A shekarar 1965 aka ɗaura mata aure da Malam Idi, falken albasa mai kai kaya Ƙonni, ta tare a Illela, ta ci gaba da sana'ar da ta gada. Bayan farin 1973 itacen wuta ya yi wuya matuƙa, alhali wankan jego, safe da yamma har kwana arba'in, ba ya yiwuwa sai da tafasasshen ruwa. A nan ne Inna ta lura cewa kowane jariri yana cinye bishiya guda tun bai iya zama ba, abin kuwa ya tsaya mata a rai.

Kafa lambu

A shekarar 1975 ta roƙi masu gari wani tsohon ramin ƙasa da ke bayan tasha, inda ake zubar da shara, aka ba ta ana dariya. Daga nan ta gindaya sharaɗi: duk wanda ta karɓi haihuwa a gidansa, sai ya dasa bishiya a wurin da sunan jaririn, ya kuma riƙa kai wa bishiyar ruwan wankan jego har a yi arba'in. Ba ta yafe kasonta na naman suna ba, domin Inna ba ta wasa da nama.

Shekarar farko ba ta yi kyau ba. Magidanta, saboda saurin tafiya kasuwa, sun riƙa sheƙa wa dashe ruwan da zafinsa, har ashirin da uku suka dahu a tsaye. Inna ta yi wata da watanni tana musu tsiya, sannan ta kafa doka cewa sai ruwa ya kwana. Wanda ya yi nawa kuwa, ko a tsakiyar kasuwar Lahadi ta gan shi, sai ta tare shi ta ce, "Malam, mi kake jira? Ina iccen ɗiyanka?" Babu namijin da ya yarda aka yi masa wannan tambaya sau biyu.

Gari ya bunƙasa, manyan motoci da injinan niƙa suka cika shi da hayaƙi da ƙara, amma bayan tasha dogonyaro da tsamiya da mangwaro suka haɗe kai, har direbobi da dillalan shanu suka mai da wurin mafakarsu ta zafin rana.

Shekarar jarrabawa

A watan Maris na 2014 wasu 'yan kasuwa suka nemi filin domin ajiye tireloli, bisa hujjar cewa ba shi da takarda, kuma gaskiya ne, ba shi da ita. Inna, wadda a lokacin gwiwa ta fara gaza mata, ta ji tsoro ƙwarai, ta yi kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Sai ta aika gida gida cewa kowa ya zo ya gai da bishiyarsa.

Ranar awon filin, ma'auna suka tarar da mutum a gindin kusan kowace bishiya: malaman makaranta, mahauta, masu canjin sefa, matan aure da goyo, har da waɗanda suka tsallako daga Ƙonni. Shugaban ma'aunan, Malam Sufyanu, bai gama warware igiya ba mahaifiyarsa ta kama hannunsa, ta kai shi gindin wata tsamiya da aka dasa a 1981, ta shaida masa cewa tasa ce. Ya naɗe igiyarsa, kuma shi ne ya bi sawun takardar da ta tabbatar da wurin a matsayin lambun al'umma. Inna ta yi guɗa a ranar, da tsufanta.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Alhamis, 9 ga Fabrairu, 2023, tana da shekara saba'in da biyar, aka yi mata sutura bayan sallar La'asar. Mutane da dama sun zo da gatari, kowa yana son a rufe kabarinta da reshen bishiyarsa, sai babban ɗanta ya bayyana wasiyyarta cewa kada a sare ko reshe ɗaya saboda ita. Da tsofaffin tukwanenta na jego aka rufe ta.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu, Sahabi da Na'ima da Abdulaziz da Khairiyya, da jikoki goma sha tara, da bishiyoyi dubu da ɗari da sha biyu. Kowace da sunan mai ita, babu ko ɗaya mai sunan Inna, amma har yau duk wanda zai je wurin cewa yake yi za shi wajen Baraka. Allah ya jiƙanta, ya sa inuwar ta bi ta.