Bu Warsini, Uwar Zakara

Duk wanda ya taɓa zuwa gasar tanis ta garinmu ya san rumfar Bu Warsini, wato Mama Warsini a yarenmu, ko da bai san sunanta ba. Tana bayan katangar fili, jikin tawa rumfar. Ita tana sayar da soto, romon kaza da shinkafa, ni kuma shayi mai ƙanƙara. A nan muka tsufa, kullum muna faɗa a kan hayaƙin murhunta da ke cika mini rumfa.

Gasarmu ba ta manya ba ce. Samari suna zuwa daga Koriya da Indiya da Ostareliya, su tara maki su haye sama. Abin da ke ba ni haushi da ita shi ne, wanda ya ɗauki kofi ba ya sake waiwayarmu. Sai wanda gwiwa ta ci amanarsa, ko shekaru suka cim masa, shi za ka ga ya dawo da jaka a kafaɗa yana gaishe mu kamar jiya muka rabu.

Wata shekara ɗanta Gilang ya ɗauki kofin. Ranar ta raba soto kyauta har sai da aka ga gindin tukunya. Daga nan sai Turai, sai Amurka. Gaisuwar Sallah ma ta waya yake yi.

Kewa ta ci matar nan, ina kallo. Duk shekara in an fara ɗaura tutocin gasa sai ta kasa zama. Ta ware masa cinyar kaza mafi kyau ta rufe a kwano, da la'asar in bai zo ba ta miƙo mini.

"Mbak War, ki roƙi Allah ya kawo shi mana, ki huta," na ce mata wata rana, don haka nake kiranta, wato Yaya War.

"Rufe mini baki, Yati! In roƙa wa ɗana faɗuwa? Ke kanki ɗaya kuwa?"

"To me kike roƙa?"

"Cewa nake Allah ya ba shi lafiya, sai in shafa da sauri kafin bakina ya ƙara wani abu."

Bara sai ga shi. An yi masa aiki a kafaɗa, makinsa ya zube. Ya zauna a bencin rumfa, ya rame, ya ce mata in bai yi abin kirki a wannan makon ba, to ya ajiye raket ɗin tanis ke nan, zai zauna a gida yana koyar da yara. Ta ce, "Ci abinci, Le," yadda muke kiran ɗa namiji. Amma a makon nan har waƙa na ji tana yi wajen yanka albasa, matar da ban taɓa jin ta rera komai ba.

Ya yi ta cin wasa har ya kai na ƙarshe. Ba ta taɓa shiga kallo ba, wai zuciyarta ba za ta ɗauka ba, amma ranar ta kashe wuta ta ja ni muka shiga. Da wasa ya yi zafi aka fara rinjayarsa, na saci kallonta. Wallahi a raina cewa nake, ya faɗi kawai, baiwar Allah ta samu ɗanta.

Sai ta miƙe tsaye.

"Ɗaga kanka, Le! Buga masa! Uwar wa ta ce ka gaji?"

Alƙalin wasa ya roƙi a yi shiru, ba ta ko san yana yi ba. Haka ta yi ta ihu har muryarta ta dushe, har Gilang ya ɗaga kofi.

Washegari ya hau jirgi zuwa Japan. Na same ta a tsakar gida tana shanya rigunan da ya bari, tana daidaita kafaɗunsu a kan igiya.

"Ai ke kika kore shi da bakinki," na ce.

"Na sani," ta ce, muryar ba ta fita sosai. "Taya ni riƙe wannan rigar, hannunta ya fi nawa tsawo."